Mako Na Talatin Da Biyu

Takarda ta ce mutum shida.
Mista Oyewole ya ɗora yatsa a kan layin,
ya maimaita mini a hankali, kamar mai auna gishiri:
ɗaki uku, tawul shida, cokali shida.

Shekara tara ina sauke albasa a Mayil Tuwel,
buhunan Aliero, hawayen da ba na kuka ba,
da ribarsu na sayi mako guda a bakin teku,
can bayan Eleko, inda kwalta ke gajiya ta koma yashi.
Gidan ba nawa ba ne, makon ne nawa,
na talatin da biyu.
Sauran makonnin na waɗansu ne da ban sani ba,
filo ɗaya muke tada kai da shi, ba mu taɓa gaisawa ba.

Na ƙirga da yatsu: ni, Baraka, yara uku,
Inna Kyauta ta cike shida. Lissafi ya zauna.
Sai dai zance a Agege ba ya kwana ɗaki ɗaya.
Ran tafiya na tarar da bas a cike:
Sabi'u ƙanen Baraka da amaryarsa,
Malam Tanimu mai gyaran agogo, wai ƙirjinsa na son iskar teku,
Hansatu da tagwayenta da tukunyar dambu,
wani yaro da har yau ban san ɗan wa ba ne,
Gambo direba kuma ya kashe mota, ya ce shi ma ya iso.
Sha huɗu. Na sake ƙirgawa, ba su ragu ba.

A bakin ƙofa aka miƙo robar ɗaurawa a hannu, guda shida.
Inna ta dubi Oyewole ta ce,
"Ɗana, a garinku ƙirga baƙo ake yi?"
Na fassara masa. Ya sosa ƙeya,
ya karɓi kuɗin katifa huɗu, ya ce idonsa na ciwo yau.

Maza a falo, jere kamar doya a kan tebur.
Minsharin Malam Tanimu na gardama da igiyar ruwa.
Tanki ya ƙafe kafin asuba,
layin banɗaki ya kai har kicin,
cokali shida suna yawo daga hannu zuwa hannu,
tagwaye sun zuba yashi a firij, ba wanda ya san dalili.
Inna ta ƙi gado.
Ta shimfiɗa tabarma a baranda, ta zuba wa teku ido,
can ta ce, "Ruwa har haka,
ba ko kunyar albasa ɗaya a gefensa? Asara."
Muka yi dariya har amarya ta ƙware.
Kwana bakwai ƙafar wani na kan haƙarƙarina,
ban taɓa barci irin wannan ba.

Bana mu biyar muka zo.
Inna ta tafi cikin azumi, ran sha bakwai.
Oyewole ya miƙo roba shida, ya leƙa bayana,
ya ce, "Mama fa?" Sai ya sunkuyar da kai.

Kowa da tawul ɗinsa, ruwa har ya yi saura,
ɗaki guda a rufe, ba mai taɓa ƙofarsa.
Na zaga falo, na zaga kicin,
na rasa inda zan ajiye kaina,
gidan ya matse ni kamar takalmin aro.
A baranda na kwana.

Ran fita suka kawo fom:
mutum nawa suka kwana, kun sake kuwa?
Na riƙe biro har Gambo ya yi hon sau uku.
Robar ta shida tana aljihuna,
tare da ɓawon albasa da canjin naira hamsin.