Daga Ina?

Dakta Luba ta dawo mini da babi na uku
jajur, kamar an yanka zakara a kansa.
A gefen shafi na arba'in da ɗaya
ta ja layi, ta bar kalma biyu:
Daga ina?

Daga bakin Arzika ne, a majema,
ranar da zafin Sakkwato ya kashe mini waya.
Hannunsa cikin ruwan bagaruwa har gwiwa,
yana juya fatar jar akuya,
ni ina toshe hanci da gefen mayafi.
Ya ce, "Ɗiyata, wagga magana ba tawa ta ba.
Na jiya ga Ɗangaladima,
shi ko ga kawunai Tunau,
Tunau ko ga wata tsohuwa 'yak Kware
da ba a riƙe sunanta ba.
In kin rubuta, ki aza su duka."

To, ƙa'ida tana son sunan mahaifi a gaba,
waƙafi, shekara cikin baka biyu,
garin da aka buga, lambar shafi.
Arzika ba shi da shafi.
Shekarunsa ma, ya ce in ƙirga daga shekarar fari,
in rage biyu.

A shagon Ɗahiru, bakin hanyar Dundaye,
muka kai isha'i muna tura layi na biyu ciki,
muna karkata sunayen littattafai
kamar masu jingina da bango.
Aka ɗauke wuta sau uku.
Sau uku muka sake ɗora aya inda ta faɗi.
Na ce ya buga:
Arzika Majemi, kimanin shekara tamanin,
hira a majema, Talata, bayan azahar.

Da aka jera su bisa haruffa
sai ga shi a kan gaba,
shehunan Zariya da na Landan
duk sun yi sahu a bayansa.
Ɗahiru ya yi dariya har ya ƙware.

Bayan an sa hannu, na kai masa kundin.
Ya goge tafinsa a wando, ya karɓa,
ya shinshina bangon, ya murza da yatsa.
"Roba ta," in ji shi.
Na karanta masa layinsa, sannu a hankali.
Ya yi shiru. Ƙuda ya sauka a kan shekarar.
"Ina Tunau? Ina tsohuwar Kware?"

Na ce ƙa'ida ba ta bar musu wuri ba.
Ya miƙo mini kundin da hannu biyu
kamar mai mayar da canjin da bai cika ba.

Nan a tsugune, kusa da kwatarniyar toka,
na zaro biro, na sa ƙaramar ɗaya
a kafaɗar sunansa,
na gangara ƙasan shafi.
Tawada ta fara ƙin fita.
Na hura mata.