Zaren Da Bajamushe Ya Bari A Ƙaura

Kwalin madara ne, a ƙarƙashin bencin shagon babana,
tsakanin gawarwakin rediyo da fankar da ta rasa fiffike.
Ranar rabon gado babu wanda ya ce nasa ne.
Ni na ɗauka.

Zaren tef guda bakwai, kowanne naɗe a farantinsa,
an rubuta shekaru da shuɗin biro,
sittin da tara, saba'in da ɗaya,
da wani suna da gara ta cinye rabinsa.

Nomau, babana, ya taɓa cewa
wani Bajamushe ne mai jan wuya,
ya zo gyaran famfon rijiya,
ya kawo rikodarsa, ya ce sai ranar kasuwa.
Jirgi ya tafi da shi.
Kasuwa ta ci, ta watse, ta sake ci,
har jirgin ma ya daina zuwa Ƙaurar Namoda.

Kwana uku ina lallashin rikodar.
Bel ɗinta ya narke kamar alewa,
na yanko wani daga tsohon tayar keke.

Da farko shuuu,
ruwan da ke sauka a kwanon unguwar da ba taku ba.
Wani ya yi tari.
Wani ya ƙirga da harshen da ban iya ba.
Sai ganga.

Gangar nan ba ta kiran sunan kowa.
Ba ta san sarki ba, ba ta neman kyauta,
tafiya kawai take yi, ƙafa ɗaya bayan ɗaya,
kamar wanda ya bar gida da asuba bai yi sallama ba.
Jita kuwa gurza ta ake yi,
ana tambayarta abin da ba ta sani ba.
An ja kujera, ƙarfe ya faɗi,
an yi dariya, ba a goge ba.
Wata molo mai lantarki ta riƙe murya ɗaya
har shayina ya huce.

Ladidi mai niƙa ta leƙo:
injin wa ya lalace?
Tela ya ce wannan ai kafin kiɗa ne,
su gama gyara kayan tukuna.
Tsoho Ango, wanda ya yi wa reluwe shekara talatin,
ya zauna a bakin ƙofa, ya lumshe ido,
ƙafarsa tana bin gangar.
Can ya ce, wannan direban
ya wuce Gusau bai taka birki ba.

Wai samari ne da suka tashi cikin kufai,
iyayensu ba sa son a yi tambaya,
sai suka shiga wani ɗaki mai sanyi
suna neman sautin da bai gaji kowa ba.
Ban sani ba. Haka wani malamin makaranta ya ce mini.
Ni dai na ji hannuwa suna lalube,
kuma na san lalube,
da shi aka ciyar da mu.

A zare na bakwai, tsakiyar gudu,
kiɗan ya yanke. Ƙat.

Gwaji, gwaji. Ɗaya, biyu.

Muryar saurayi, ba furfura a cikinta.
Zakara ya yi cara a bayansa.
Wata ta ce, Nomau, tuwon zai huce,
ya ce, ina zuwa,
sai ganga ta dawo ta rufe su.

Ashe ya gyara ta.
Ya gyara, ya ajiye, ya jira mai ita,
bai karɓi ko sisi ba.

Ɗana ya ce mu juye a waya kafin zaren ya tsinke.
Za mu juye.
Amma yau na mayar da shi baya sau tara,
har Ango ya ce in bar jirgin ya wuce.