Ƙusar da Ba Ta Kwance Ba

Mutari ne ya sauko da shi daga motar Agadas,
kwali dogo kamar naɗaɗɗiyar tabarma.
Ya ce, "Kawu, ga abin da ka dame mu da mitarsa."
Rabi na biya da kuɗin fansho,
rabi ya ce a bar wa zumunci.

Farin bututu, bai kai taɓarya tsawo ba,
gilashi a baki mai faɗin murfin kwano,
wani ƙarami a gindi kamar idon kifi.
Ƙafa uku gare shi, ɗaya ta ƙi zama
sai da na tokare ta da tsingaro.

Da la'asar na auna duwatsun Birni.
Dutse ya koma bisa, sama ta dawo ƙasa,
wata akuya tana tafe, kofato a iska.
Gaji ta leƙa, ta ja da baya:
"An sayar maka da mai juyayyen kai."

Da magariba na kamo Zara.
Ashe ba ɗigo ba ce, lauje ce siririya,
ta ari rigar mijinta ta fito.

Bayan lisha kuran ya ɗauke.
Zango duk ta yi tsaki lokaci guda,
injin markaɗe ya haɗiye maganarsa.
Ni kaɗai na yi murna a ɓoye.

Wata ɗan kwana bakwai ya cika gilashi.
Wanda muka sani sumul kamar faranti
ga shi da ramuka kamar tandar masa,
kowane rami da tasa inuwar a kwance.
Na manta da ƙyafta ido har hawaye ya zo.

Malam Kyari ya ɗago kai ta katanga:
"Duba mana ko da ruwa a can,
famfonmu yau kwana huɗu."
Na ce takardar kwalin ta kira baƙaƙen nan tekuna,
amma ko ɗigo babu.
Ya ce, "Ashe shi ma ɗan Damagaram ne."

Sai watan ya fara sulalewa.
In saita shi tsakiya, in ɗauki shayi,
kafin in kurɓa ya kai gefe.
Na ɗaure ƙusa. Ya gudu.
Na ƙara ɗaurewa har yatsa ya yi zafi,
na zagi Mutari, na zagi tsingaro.

Tsahara, jikata, shekara goma sha ɗaya,
tana zaune kan turmi tana cin gyaɗa.
"Kaka, bar ƙusar nan haka.
Mushe ya ce mu ne ke juyawa."

Ni da na yi shekara talatin da ɗaya
ina awon filaye daga Mirriya har Tanut,
ina kafa duwatsun iyaka,
ina rantse wa masu gardama
cewa ƙasa ba ta motsi.
Na san karatun, na taɓa cin jarrabawarsa,
amma yau ne na ga gidana yana tafiya,
da rumbu, da randa, da igiyar shanya,
da Gaji a kan tabarmarta.

Na sassauta ƙusar.
Muka bi layi, kowa ya kamo watan da hannunsa
ya sake shi ga na baya.

Can gabas Kaza ta fito da 'ya'yanta.
Shida nake ƙirga tun ina yaro.
Tsahara ta kai arba'in ta gaji.
Gaji ta daɗe a sunkuye, ba ta ce komai ba,
sannan ta tambaya a hankali,
"Wa ke watsa musu tsaba?"

Kuran ya dawo, yara suka sa ihu,
fitilar maƙwabta ta share rabin sama.
Na mayar da murfi a bakin gilashi,
na zauna a ƙasa, na dafa ta da tafi biyu,
ina jira ko zan ji.