Taura Biyu

Wata bakwai ina buga kundin ɗalibai a Samaru,
babi na ɗaya, babi na biyar, godiya ga iyaye,
har yatsuna suka haddace kurakuran mutane.
Naira kan naira cikin gwangwanin madara,
sai da murfin ya ƙi rufuwa.

Ran Asabar na hau a-daidaita zuwa PZ,
hannuna na dafe da aljihu tun daga Kwangila.

Shagon Uchenna ɗan tsugul ne, sai warin dalma.
Ya baje su kan gilashi kamar mai tallan goro:
ga babban katin hoto, baƙi wuluk, fanka uku,
nauyi kamar bulo,
kuɗinsa duk abin da na tara, har da na komawa gida.
Ga ƙanana biyu, 'yan gwanjo, tagwaye,
ɗaya da tabo a gefe kamar tsohon ɗan dambe.
In su na ɗauka, canjin zai kai ni wurin mai tsire.

Jafaru ya ja hannun rigata:
"Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.
Haɗa biyun, su raba aiki."
Uchenna ya yi dariya, Hausarsa ta Sabon Gari tsaf:
"Taura biyu ba ta taunuwa, abokina.
Wasannin yanzu ɗaya suke gani.
Ɗayan zama zai yi, ya sha wuta, ya hura maka zafi."

Na tuna Kawu Ɗanliti a Shika da shanun huɗarsa,
in Baƙi ya yi gaba, Ja ya tsaya fizgar ciyawa,
kunya ta karkace har ƙarshen gona.
Na tuna, na kuma kau da kai.
Biyu ta fi ɗaya, in ji lissafin firamare,
kuma ƙanshin tsiren ya riga ya shiga hancina.

Dare uku a Hayin Dogo.
Akwatin na ruri kamar injin markaɗe,
ɗakin ya koma tanderun burodi.
Motata a allo ta taso da gudu, ta ƙame, ta zabura,
tamkar mai in'ina a gaban alƙali.
Na kwance, na ɗaura, na sauya waya,
na zagi Jafaru a zuci, na nemi gafara, na sake zaginsa.

Hashimu na bayana.
Kullum yana bayana, shekara biyu ke nan,
ƙanena, ɗan aji shida,
yatsunsa na danna gwiwarsa kamar akwai maɓalli a wurin.
Ya leƙa cikin akwatin da tocila, ya daɗe,
sannan ya ce a hankali:
"Yaya, wannan fankarsa ce kawai ke juyawa.
Ba a ba shi wasan."

Ban juyo ba.
Na ji maganar ta sauka inda bai nufa ba,
ko inda ya nufa, Allah masani.

Da asuba na jawo tsohuwar kwamfutata daga ƙarƙashin gado,
na kore kyankyasai, na hure ƙura,
na dasa mata mai tabon.
Allo biyu, benci ɗaya, waya shuɗiya tsakaninmu.
Kowane kati da gonarsa,
kunya ta miƙe sambal.

Ba zan yi ƙarya ba:
har yau in na gifta PZ ina rage tafiya.
An sayar da babban. Gurbinsa na nan a gilashi,
nakan yi mafarkin ruwan da zai zana mini,
mai ƙyalli fiye da Kubanni bayan ruwan Agusta.

Amma jiya, muna kwanar ƙarshe, kafaɗa da kafaɗa,
aka ɗauke wuta, ɗif.
Fankoki suka yi shiru ɗaya bayan ɗaya.
Cikin duhu na ji muryarsa, ko kunya babu:
"Ka gode wa NEPA, Yaya.
Da na huɗu ke nan."