Aljihun Fada Mai Keke

Shekara talatin da ɗaya ina ɗinka masa riga,
ni Sanda tela, na bakin kwata a Aboabo.
Doguwa ce fara, maɓalli tun daga wuya har idon sawu.
Ban san addu'arsa ba, awonsa na sani:
kafaɗa sha bakwai, wuya sha biyar,
ƙugu kuwa kowace shekara sai na rage.

Ran da ya fara zuwa ruwa ake tsugawa.
Ya jingine keke, ya ce, "Malam, ina wuni,"
alhali hantsi bai gama dubawa ba.
Yara suka bushe da dariya, ya taya su.
Amoateng ne sunansa, harshenmu ya gaza,
muka bar shi a Fada Mai Keke.

Aljihu shi ne ciwon kaina.
Duk wata uku sai ya dawo da shi a yage.
Na ce, "Fada, duwatsu kake zubawa?"
Na zazzage a kan tebur:
maganin zazzaɓi, guntun alli, makullin famfo,
katin asibiti na wata Fuseina mai dako a Kejetiya,
da rabin ƙosai ƙunshe a jarida.
Na ninka masa da yadin katifa.
Ko a jikin aljihun.

Da ɗana Mumuni ya shiga makarantarsa
na je masa ido jawur: "Kada ka juya min yaro."
Bai ce uffan ba.
Ran Juma'a sai ga shi ya goyo yaron
har ƙofar masallaci,
ya koma gindin mangwaro yana jan nasa carbin
har liman ya sallame.

Kada ku ce waliyyi nake zana muku.
Zuciya gare shi kamar garwashin dutsen guga,
ya taɓa korar magina a kan buhun siminti ɗaya.
Sidi arba'in nake binsa tun bara waccan.
Da aka ƙara masa girma, aka ba shi ɗamara ja,
da ita ya ɗaure buhun masara a bayan keke.
An ce manyansa sun gani, sun kau da kai.

Katikis ne ya buga min ƙofa da asuba:
"A ɗinka masa ta ƙarshe."
Na shimfiɗa yadi, almakashi ya yi min nauyi.
Mu dai mun ce likkafani ba shi da aljihu.
Na sa masa biyu, masu zurfi,
ban shawarci kowa ba.

Ran jana'iza Kumasi ta sa ja da baƙi,
ganguna suna magana da yaren da ba na ji.
Mu 'yan zango muka tsaya can baya da fararen kaya,
masu dako suka kife kwanoninsu a ƙasa.

Yanzu famfon yana zuba tun kafin assalatu,
ba ya tambayar bokiti addinin mai shi.
Mumuni ne ke yin allura a ɗakin shan maganin.
Keken yana rataye, ba sarƙa.
Bashin nan kuma yana cikin littafina.
Na yafe tuni,
soke sunan ne hannuna ya ƙi.