Jajibirin Tafiya Zariya

Ja benci ka zauna, Ango,
ture wancan kafireto gefe.
Gobe motar Zariya za ta tashi daga Zuru da kai,
sai yau kake tambayar me ya kai ni kaki.

Ba zan fara maka da kishin ƙasa ba.
Shekarar da na tafi, dawa ta ƙone a Dabai,
na yi golmo damina huɗu a gonar surukai
har tafin hannuna ya koma ƙirgi.
Sai ga Bedi ya zo hutu, rediyo a kafaɗa,
takalmi na ɗaukar ido, wuya ya yi kauri.
Na dubi ƙafarsa, na dubi fason tawa.
Kishin daga baya ya zo. Wanda ya kai ni, ciki.

A difo aka aske mana gashi da girman kai.
Ƙaho kafin kiran assalatu,
wake da tsakuwa, kofur mai muryar jaki.
Sau biyu na yi kuka, Ango,
duka biyun a bayan banɗaki.

Amma wata bai taɓa mutuwa ya bar ni hannu sake ba.
Albashin fari na sai wa Inna kwano bandir biyu,
daminar nan ta kwana ba tasa a tsakar ɗaki.
Da dangwale na shiga,
wani saje ya zaunar da ni ajin dare
har na rubuta Dantani da hannuna, a karkace.
Suka tura ni kwas na kanikanci,
wannan garejin da kake zaune
can aka haife shi, ƙarƙashin motar bariki.

Kande ta sauka da tagwaye a asibitinmu,
ba wanda ya ce kawo kafin a taɓa ta.
Ɗayarsu yau nas ce a Birnin Kebbi,
ita ke yi mini faɗa kan gishiri da suga.
Na ga teku. Ni, ɗan dutse!
Na tsoma yatsa na lasa, na yi tsaki.

Akwai Okon, da ya goya ni mil uku a daji,
jinina na bin bayan rigarsa.
Bai tambayi inda nake fuskanta in zan yi addu'a ba,
cewa kawai yake: kar ka yi barci, riƙe ni, kar ka saki.

To, ga ɗaya gefen takardar.
Matso ta dama, kunnen hagu ya tafi da igwa.
An binne Baba ina bakin daga, sai wasiƙa.
Bedi kuwa, akwatinsa na ƙarfe ya dawo shi kaɗai,
ni na kai wa uwarsa,
ta karɓa ba ta buɗe ba, ba ta buɗe baki.
Fansho na zuwa, amma tafiyar hawainiya,
mu yi layi da furfura a tabbatar muna numfashi.

Na san naka dalilin.
Shanun da aka kora a Wasagu,
gonar da ta shekara uku ba ta ga garma ba.
Dalili ne. Amma kar ka sa ramuwa a jaka,
bindigar ba taka ba ce, harsashi a ƙirge yake.
In an ce wa ke son kwas, ɗaga hannu kafin a rufe baki:
sigina, jinya, gini, kowanne.
Igiya a kafaɗa aro ce, sana'a ke bin ka gida.
In sun tsayar da kai a shingen hanya
kar ka miƙa wa direba tafin hannu,
ubanka ma direba ne, kuma a san ka da aiki.

Ungo allura da zare, sun fi laya amfani.
Miƙo mini sufana sha huɗu tukuna,
mai motar nan zai dawo da la'asar.