Gurbi na Uku

A Jekadafari, bayan mai faci,
akwai shagon Gidado: benci biyu, talabijin uku,
da fankar da wuyanta ya ƙage.
Naira ɗari, minti ashirin.
Can aka koya mini cewa tafiya ba taka ba ce
sai ka ajiye ta.

Yayana Babayo ne malamin.
"Ka ga fitilar can a gindin kuka?
Duk inda ka gan ta, tsaya.
Kar ka ce saura ƙiris.
Danna nan. Jira."
Sai wata 'yar ƙawanya ta hau juyi a kusurwar allo,
Gidado ya daka tsawa: kar wanda ya taɓa waya,
na'ura na rubutu!

Na ce, me take rubutawa?
Ya ƙirga mini da yatsu masu maiƙon awara:
inda ka tsaya, inda ka fuskanta,
sauran jininka, kibau nawa ke cikin kwari,
ƙofar da ka buɗe, dodon da ka kayar,
har bashin mai kwalekwale da ba ka biya ba.
Duk a cikin katin da bai kai kwalin ashana ba.
In ka mutu a gaba, ba komai,
nan za ka farka, gindin kuka, kibanka cif.

Ran da na yi kunnen ƙashi na wuce fitila biyu,
na haye gada, na hango ƙofar birni da idona,
Nepa ta ɗauke.
Allo ya yi baƙi ƙirin, na ga fuskata a ciki, baki sake.
Kafin janareto ya gama tari
kuɗin tarata na mako ya bi ruwa.
Babayo ya yi dariya har ya zamo daga benci.

Katin gurbi uku gare shi.
Na farko nawa.
Na biyu na wani ɗan Bolari da ya daina zuwa.
Na uku: BABAYO, awa sittin da ɗaya da minti tara,
Talata.
Laraba ya shiga motar Dukku.
Sauran zancen unguwa ta sani.

Sai bayan arba'in na koma.
Gidado bai karɓi kuɗina ba, bai kuma dube ni ba,
ya dai share mini benci da hularsa.
Na buɗe na uku.

Ga shi nan tsaye a bakin kogo,
da jan mayafin da ya sha wuya kafin ya samu,
kafaɗu na hawa suna sauka,
numfashin wanda ke jiran hannu.
Kibau tara. Kwalbar magani biyu, sababbi.
Ashe ya san abin da ke gaba ba sauƙi,
ya yi guzuri, ya ce sai gobe.

Na taka da shi. Taku goma, sha biyar,
ƙafarsa, babban yatsana.
Fitila ta bayyana a kwana, na danna don sabo.
Na'ura ta ce:
za a rubuta sabo a kan tsoho. Ka yarda?
I a hagu, a'a a dama.

Yara na ihu a talabijin na gefe, wani ya ci ƙwallo.
Fanka na hura bango.
Na daɗe.

A'a.
Na kashe, ya koma bakin kogonsa,
daidai inda ya ajiye kansa,
Talata, kibau tara.

Katin bai rubuta gwiwar hannunsa a haƙarƙarina ba,
ko yadda yake cije leɓe in ya zo tsalle.
Ba gurbin wannan.

Da zan fita, Gidado ya zare katin,
ya hure shi, ya naɗe a ledar biredi.
Ya ce, "Kar ya ga ruwa.
Ni zan sayo wani ran kasuwa."